Yadda Ake Tsara Tsoffin Bayanan Injinan Kumbo Domin Amfanin Injiniyoyi

A farkon shekarar 2013 injiniyoyin cibiyar Marshall ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka sake kunna wani sashe na injin F-1, wato injin da guda biyar irinsa suka riƙa ɗaga rokar Saturn V a tafiye-tafiyen zuwa wata, bayan sun kwance wani injin daban gunduwa-gunduwa suna auna siffar kowane ƙarfe da na'ura. Zane-zanen injin suna nan a ajiye, ba su ɓata ba. Abin da ya yi wuyar samu shi ne dalilin da ya sa aka zaɓi wani kauri aka bar wani, da dabarun da masu walda suka yi aiki da su da hannu, da gyare-gyaren da aka yi a masana'anta ba tare da sun koma kan takarda ba. Duk wanda zai tara tsoffin bayanan injinan kumbo zai ci karo da irin wannan giɓi, kuma hanyar rage shi ita ce kada a taɓa ajiye adadi shi kaɗai: kowane adadi ya tafi da samfurin injin da ya shafa, da yanayin da aka auna shi, da takardar da aka ciro shi.

Mataki na farko: a yanke iyakar aikin

Kafin a buɗe ko fayil ɗaya, a rubuta tambayoyin da ake son rumbun bayanan da za a gina ya riƙa amsawa. Injiniyan da ke kwatanta injinan mataki na sama na roka masu ƙona ruwan haidirojin yana buƙatar RL10 da J-2 da makamantansu a zurfafe, kuma babu ruwansa da rokoki masu daskararren makamashi. Wanda ke nazarin injinan lantarki kuwa zai soma ne daga gwajin SERT-1 na 1964 da injinan SPT da Tarayyar Sobiyet ta fara harbawa a farkon shekarun 1970. Injina goma da aka bi diddiginsu sun fi ɗari uku da aka kwafo daga jadawalin wani, don haka a fara da kaɗan.

Mataki na biyu: tattara takardu da auna nauyinsu

Mafi yawan rahotannin Amurka da aka buɗe wa jama'a suna rumbun NTRS na NASA da rumbun DTIC na ma'aikatar tsaro. A cikin na NASA, harufan da ke gaban lambar rahoto suna nuna irinsa: TM da TN na ma'aikatan hukumar ne, CR na 'yan kwangila ne, SP kuma wallafa ce ta musamman. Jerin SP-8000 na shekarun 1960 da 1970 yana da daraja ta daban, domin an rubuta shi ne takanas don taƙaita abin da aka koya game da famfuna da injekta (mai fesa makamashi cikin ɗakin ƙuna) da bawul-bawul kafin waɗanda suka yi aikin su watse.

Kowace takarda da ta shigo a ba ta lamba ta dindindin a cikin rumbun, a rubuta sunanta, da lambarta ta asali, da kwanan wata, da hukumar da ta fitar, da bugu na nawa ne, da inda aka same ta. Daga nan a ba ta matsayi. A bisa tsarin da ya fi dacewa, rahoton gwaji ko na tashi, wanda ke ɗauke da abin da aka auna da na'ura, shi ne kan gaba. Takardar ƙa'idojin ƙira tana biye, amma a tuna cewa tana faɗin abin da aka nema ne daga injin, ba lallai abin da ya bayar ba. Littafin horar da ma'aikata da takardar taron ƙwararru suna bayan waɗannan, sannan takardun talla da na 'yan jarida, sannan littattafan tarihi da shafukan intanet da suka kwafo daga wasu. Ba a zubar da na ƙasan, domin wani lokaci su kaɗai ne suka rage, musamman a kan injinan Sobiyet da aka daɗe ana ɓoye bayanansu. Sai dai idan shafuka goma suka kawo adadi ɗaya kuma dukansu daga littafi ɗaya suka samo shi, shaida ɗaya ce ake da ita, kuma haka ya kamata rumbun ya nuna.

Mataki na uku: daidaita sunaye

Sunan inji yana rufe abubuwa uku mabambanta, wato zuriya, da samfuri, da injin guda mai lambarsa. RL10 zuriya ce da ta soma tashi a 1963, kuma tsakanin RL10A-3 da RL10B-2 akwai bambancin mazurari (bututun da hayaƙin injin ke fita ta cikinsa) da ƙarfi da nauyi wanda ya isa a ce ba inji ɗaya ba ne. J-2 ya fara da ƙarfin turi na laba 200,000, aka ɗaga shi zuwa 225,000, sannan 230,000. Saboda haka a yi jadawali uku da ke haɗe da juna, kuma a jingina kowane adadi ga mafi ƙanƙantar matakin da takardar ta ambata. Idan takarda ta ce "J-2" kawai, a rubuta cewa ba a bayyana samfurin ba, kada a yi hasashe a cike gurbin.

Ana kuma buƙatar jadawalin laƙabobi. Injin RD-107 na rokar R-7 yana da lambar soja 8D74. NK-33 da ofishin Kuznetsov ya ƙera domin rokar N1 ya koma AJ26 bayan an kai shi Amurka an yi masa gyara. Babban injin jirgin Space Shuttle, da aka sani da SSME, shi ne RS-25 da ya ɗaga rokar SLS a 2022. Sunayen masu ƙerawa ma suna sauyawa: Rocketdyne ya fara a ƙarƙashin North American Aviation a 1955, ya shiga hannun Rockwell, ya koma Boeing a 1996, ya haɗe da Pratt & Whitney a 2005, ya zama Aerojet Rocketdyne a 2013. Cibiyar Lewis ta koma Glenn a 1999, birnin Kuibyshev ya koma Samara. A ajiye sunan da takardar ta yi amfani da shi yadda yake, a haɗa shi da suna ɗaya tsayayye, ta yadda mai nema da kowanne zai isa wuri guda.

Mataki na huɗu: kowane adadi da sharuɗɗansa

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne yawancin rumbuna ke lalacewa. Tsarin da mutum zai fara tunani shi ne layi ɗaya ga kowane inji, da ginshiƙai na ƙarfin turi da matsi da nauyi. Wannan tsari yana tilasta a zaɓi adadi ɗaya a jefar da sauran, alhali sauran su ne tarihin. Abin da ya fi shi ne layi ɗaya ga kowace magana da wata takarda ta yi. Layin zai ƙunshi samfurin injin, da abin da aka auna, da adadin yadda aka buga shi, da ma'auninsa na asali, da yanayin awon, da lambar takarda da shafi, da kuma ko adadin buri ne na masu ƙira, ko alkawari ne na kwangila, ko sakamakon lissafi, ko abin da aka auna a dandalin gwaji, ko abin da aka gano bayan tashi. Inji ɗaya zai iya samun layi goma sha biyar a kan ƙarfin turi kaɗai, kuma hakan daidai ne.

Ƙarfin turi ba ya da ma'ana sai an faɗi inda aka auna shi. A daidai matakin teku iska tana danne bakin mazurari ta rage ƙarfin, a sararin da babu iska kuwa injin yana bayar da cikakken ƙarfinsa. Haka ma ingancin makamashi, wanda ake rubutawa Isp: RS-25 yana da kimanin daƙiƙa 366 a ƙasa da 452 a sarari. Wannan injin yana da wani tarko na daban, domin ana faɗin ƙarfinsa da kashi cikin ɗari na ƙarfin da aka fara tsara masa, shi ya sa ake ganin kashi 104.5 da kashi 109. Adadin da ba a rubuta matakin ƙarfinsa ba ba ya kwatantuwa da komai.

Matsin ɗakin ƙuna yana da tambayoyi biyu. Ta farko, a ina aka auna, a fuskar injekta ko a mashigar mazurari, domin na farkon ya ɗan fi na biyun. Ta biyu, matsi ne cikakke ko wanda aka cire nauyin iskar waje, abin da tsoffin takardun Amurka ke bambantawa da harafi ɗaya tak a ƙarshen ma'aunin, psia ga na farko, psig ga na biyu. Ga babban inji bambancin ƙarami ne, amma ga tanki ko ƙaramin injin juya kumbo yana iya sauya lissafi gaba ɗaya.

Rabon iskar ƙonawa da mai ba koyaushe yake tsaye ba. J-2 yana da bawul da ke sauya wannan rabo tsakanin kimanin 4.5 da 5.5 a cikin tafiya, kuma ƙarfin turi da Isp suna motsawa tare da shi. A injinan da ke da ƙaramin ɗakin ƙuna na daban mai juya tabain, wato farfelar da ke tuƙa famfo, irin su F-1 da J-2, rabon da Isp na babban ɗakin ƙuna sun bambanta da na injin baki ɗaya, saboda wani kaso na makamashin yana bi ta wancan ƙaramin ɗakin. Girman filin bakin mazurari ma haka: na F-1 ninki 10 ne na filin maƙogwaronsa, wato inda ya fi matsewa, idan ba a ɗaura ƙarin siket ɗin ƙasa ba, ninki 16 idan an ɗaura. Na SSME ya sauko daga 77.5 zuwa kimanin 69 lokacin da aka faɗaɗa maƙogwaron domin a sassauta wa famfuna, don haka duka adadin biyu gaskiya ne, kowanne a zamaninsa.

Nauyin inji shi ne adadin da ya fi kowanne ruɗi, domin ba a cika faɗin abin da aka haɗa a ciki ba: ko da mai a cikin bututu ko babu, ko da na'urorin karkata injin, ko da garkuwar zafi. Idan takarda ba ta bayyana ba, a rubuta hakan a fili a gefen adadin.

Sauran nau'o'in injina suna buƙatar nasu guraben. Roka mai daskararren makamashi ba ta da ƙarfin turi ɗaya, tana da lanƙwasar ƙarfi a kan lokaci, kuma zafin makamashin kafin kunnawa yana sauya ta. Injin lantarki irin NSTAR, wanda ya tura kumbon Deep Space 1 a 1998 da kumbon Dawn a 2007, yana da jerin matakan aiki, kowanne da wutar da yake ci da yawan iskar zenon da yake sha, kuma mafi girman turinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na niyuton ba. A irin waɗannan injina a rubuta har matsin iskar da ta rage a ɗakin gwaji, domin tana shafar abin da aka auna. Injinan nukiliya na shirin NERVA, da aka gwada a Nevada kafin a soke shirin a 1973, suna buƙatar ƙarfin tukunyar nukiliyar da zafin haidirojin da ke fita da tsawon lokacin kowane gwaji.

Mataki na biyar: ma'aunai

Ƙa'idar ɗaya ce: adadin asali ba a taɓa shi, juyin da aka yi masa yana zama a ginshiƙi na daban, kuma kwamfuta ce ke lissafa shi daga jadawalin juyi guda ɗaya. Laba ɗaya ta ƙarfi niyuton 4.44822 ce. Takardun Sobiyet da na Jamus na da suna amfani da kilogiram ko tan na ƙarfi, inda kilogiram ɗaya yake daidai da niyuton 9.80665, matsi kuma da kilogiram a kan murabba'in santimita, wanda ya ɗan gaza ma'aunin matsi na bar ɗaya. Isp yana zuwa da daƙiƙa a wasu takardu, da mita a daƙiƙa a wasu, kuma 9.80665 ne ke tsakaninsu. A kiyaye kada juyi ya ƙirƙiro daidaiton da babu shi, domin "laba miliyan ɗaya da rabi" kimantawa ce, bai kamata ta fito da lambobi bakwai bayan an juya ta ba. Asarar kumbon Mars Climate Orbiter a Satumbar 1999 ta faru ne a daidai wannan gaɓa: wata manhaja tana fitar da bayanan turin ƙananan injina da laba, wata tana karanta su a matsayin niyuton.

Mataki na shida: tantancewa da lissafi

Adadin inji suna da alaƙa da juna, kuma wannan alaƙar ce mafi arhar hanyar kama kuskure. Ƙarfin turi daidai yake da Isp sau 9.80665 sau nauyin makamashin da ke gudana a daƙiƙa. Ga F-1, kiloniyuton 6,770 da daƙiƙa 263 suna ba da kimanin kilogiram 2,600 a daƙiƙa; idan wata takarda ta kawo adadin da ya yi nisa da wannan, ko dai samfuri ne daban, ko yanayi daban, ko kuskuren bugu. Bambancin turin sarari da na ƙasa kuma daidai yake da matsin iska sau girman filin bakin mazurari. RS-25 a kashi 109 yana ba da kimanin kiloniyuton 2,279 a sarari da 1,860 a ƙasa. Idan aka raba bambancin da kilofaskal 101.3 za a sami murabba'in mita 4.1, wato baki mai faɗin kimanin mita 2.3, kuma hakan ya dace da girman mazurarin na gaskiya.

A sa waɗannan gwaje-gwaje su riƙa gudana da kansu a duk lokacin da aka shigar da sabon layi. Layin da ya faɗi gwaji a yi masa alama, kada a gyara shi, domin gyara adadin takarda don ya dace da lissafi ƙirƙirar shaida ne. Inda takardu biyu suka saɓa, a ajiye duka, sannan a buɗe jadawali na daban na adadin da aka fi amincewa da shi, a rubuta dalilin zaɓin da sunan wanda ya zaɓa da ranar da ya zaɓa.

Mataki na bakwai: matsaloli da dalilan sauyi

A ganina wannan sashe ya fi jadawalin adadi amfani ga mai ƙera sabon inji, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi saboda ba ya shiga ginshiƙi cikin sauƙi. Ga kowace matsala a rubuta abin da aka gani, da yanayin da ta faru, da musabbabin da aka gano, da gyaran da aka yi, da samfurin da gyaran ya fara shiga, da ko gyaran ya yi aiki. Rashin daidaituwar ƙuna a F-1 ya ci gwaje-gwaje masu ɗimbin yawa, har ana tayar da ƙananan bama-bamai a cikin ɗakin ƙuna don a ga ko wutar za ta daidaita da kanta, kafin a tsaya a kan tsarin shingayen da ke fuskar injekta. Zanen ƙarshe yana nuna shingayen, amma tsare-tsaren da aka gwada suka gaza suna cikin rahotannin gwaji ne kawai.

Tashin Apollo 6 a Afrilun 1968 yana nuna dalilin rubuta yanayin gwaji. Wani siririn bututun haidirojin na na'urar kunna J-2 ya tsage a sarari, alhali bai taɓa tsagewa a ƙasa ba, domin a ƙasa sanyinsa yana sa iskar da ke kewaye ta taru a jikinsa ta kwantar da girgizar, a sarari kuwa babu wannan iskar. Rumbun da ya rubuta "ya ci gwaji" kawai ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci.

A kuma shigar da lokutan da ba a sami matsala ba. Binciken hatsarin Challenger, ɗaya daga jiragen Space Shuttle, na 1986 ya nuna cewa a daren da ya gabaci tashin an fi duba tafiye-tafiyen da robar haɗin rokokin gefe ta lalace, kuma da an jera su tare da waɗanda ba ta lalace ba bisa zafin ranar tashi, da alaƙar da sanyi ta fito sarai.

Mataki na takwas: hotunan takardu da zane-zane

A ɗauki hoton takarda da sikana a ajiye shi ba tare da matsewar da ke rage inganci ba, a yi kwafi na biyu na karatu a tsarin PDF/A. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto tana taimakawa wajen nema, amma a tsofaffin shafukan tafireta da maikrofim tana rikita 3 da 8, da 1 da 7, tana kuma haɗiye ɗigon lamba, don haka duk adadin da zai shiga jadawali sai ido ya gwada shi da hoton. A takardun Rasha da Jamus waƙafi ne ke tsayawa a matsayin ɗigon lamba, abin da ke iya ninka adadi sau dubu idan ba a lura ba. Adadin da aka ciro daga lanƙwasar zane a rubuta cewa daga zane yake, tare da lambar zanen, a kuma duba ko ma'aunin gefen na logaridim ne. Zanen ƙira kuwa a ajiye shi da harafin bitarsa da takardun umarnin sauyi da suka biyo baya.

Mataki na tara: ajiya da doka

Tsarin fayil mai sauƙi ya fi daɗewa. A riƙa fitar da jadawalai a CSV tare da takardar da ke bayyana ma'anar kowane ginshiƙi, a lissafa wa kowane fayil lambar tantancewa irin SHA-256 don a gane idan ya lalace, a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani wuri daban. Ba a goge layi. Idan an gano kuskure, a rufe shi a buɗe sabo mai nuni zuwa gare shi. Tsawon rayuwar da ake tsara wa rumbun ya kamata ya zarce na ma'aikatansa, domin a 2017 masu kula da kumbon Voyager 1 sun koma ga bayanai da manhajar shekarun 1970 kafin su kunna wasu ƙananan injina da ba a taɓa ba tun 1980.

Fasahar injin roka tana ƙarƙashin dokokin hana yaɗuwar makamai, irin su ITAR a Amurka da yarjejeniyar MTCR ta 1987, kuma tsufan takarda ba ya fitar da ita daga ƙarƙashinsu. Kowace takarda ta sami gurbin da ke nuna alamar rarrabawar da ke bangonta da hukumar da ta sake ta, waɗanda aka taƙaita kuma a ware su a ma'ajiya mai izinin shiga na daban. Kafin a buɗe rumbun ga wata ma'aikata ko wata ƙasa, jami'in da ke kula da dokokin fitar da fasaha ya duba shi a matsayin abu guda, domin tattara bayanan ƙira da ke warwatse wuri ɗaya yana iya buƙatar izinin da takardun ɗai-ɗai ba su buƙata ba.